Kilo Ukun da Mai Gyaran Sikeli Ya Sace

A layin masu gyare-gyare, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota, akwai wani shago da bai fi ɗakin girki faɗi ba. Ko'ina ka ɗaga kai sikeli ne: na mahauta mai ƙugiya, na masu hatsi mai faranti, na asibiti da ake kwantar da jarirai a kai, har da ɗan mitsitsi na masu zinariya a cikin akwatin gilashi. Mai shagon kuwa, in ka tambayi ainihin sunansa a layin nan sai a yi ta kallon-kallo. Baba Daidai kowa ya sani. Sunan daga ɗabi'arsa ya fito. In ya gama gyara sai ya ɗora dutsen awo, ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya yana bin allura da kallo har ta tsaya cak, sannan ya sauke numfashi ya ce, "Daidai." Kafin kalmar nan ta fito, ko gobara ake yi ba ya miƙa wa mutum kayansa.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga hannun wani tsoho mai wannan sana'a, wanda ya shekara guda bai bar shi ya taɓa sukundireba ba, sai gugar duwatsun awo. Da tsohon ya zo barin duniya, akwatin duwatsun nan na tagulla ya bar masa, da magana ɗaya: sikeli ba ya ƙarya sai an koya masa. Yau shekara arba'in ke nan, Baba Daidai bai koya wa ko ɗaya ba. Kuma ba don ba a nema ba. Akan samu ɗan kasuwa ya shigo yana waige-waige, ya rage murya ya ce a ɗan taimaka wa sikelin nan, ai za a ga alheri. Shi kuma sai ya kama kunne kamar kurma, ya ɗaga murya yadda har mai walda zai kashe injinsa: "Me ka ce? In sa shi ya riƙa cin mutane? Maimaita, ban ji ba!" Ba wanda ya taɓa maimaitawa. Wannan suna shi ne dukiyarsa, don in ka cire shi, shagon da duk tarkacen da ke ciki ba su kai a yi faɗa a kansu ba.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: bai iya ce wa abinci a'a ba. Aikinsa na zaune ne, masu kawo masa aiki kuma yawanci masu abin ci ne. Mahauci zai aiko da tsoka, mai 'ya'yan itace ya aiko da ayaba, mai shayi ya san cokali huɗu na sukari ake sa masa ba sai an tambaya ba. Ita kuwa ƙiba ba ta sallama, sai dai a wayi gari a gan ta zaune a gida. Ranar da ya san abin ya kai intaha, ya durƙusa ne ƙarƙashin babban sikelin wani sito yana ɗaure noti, da ya zo tashi gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. 'Yan dako biyu suka kama shi ta hammata suka ɗago shi, ɗayansu har yana cewa a kan sikelin ya kamata a sauke shi, a ga buhu nawa ne. Ya taya su dariya, amma abin ya yi masa ciwo. Likita ya ƙara da nasa: jini ya hau, gwiwa ta gaji, kilo ɗari da tara ya yi wa ƙashinsa yawa.

Autarsa ce ta karɓi ragamar. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, tana aure a can ɗaya gefen garin, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ita kaɗai ke iya juya shi. Ta kawo masa littafi mai shuɗin bango, da biro ɗaure a jiki da zare.

"Baba, duk abin da ya wuce maƙogwaronka, in ba yawu ba ne, ka rubuta shi. Duk Asabar zan zo in karanta, sannan ka hau sikeli a gabana."

"Ni za a koya wa awo?" in ji shi. "Auta, tun kafin a haife ki nake..."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji matarsa daga ƙofar kicin. Ita ce yake kira Hukuma, don tun da suka yi aure bai taɓa cin shari'a a gabanta ba.

Sai ga shi abin ya shiga ransa, don ya tarar ashe aikinsa ne aka dawo masa da shi gida. Ya ɗauko wani ɗan sikeli daga shago ya dasa shi a kan teburin cin abinci. Wasu sukan rubuta "shinkafa kaɗan", ban da shi. Nasa littafin cewa yake: "Shinkafa, giram ɗari biyu. Ayaba ɗaya, ban da ɓawo. Gyaɗa goma sha ɗaya, ɗaya ruɓaɓɓiya ce na tofar." Auta takan karanta tana dariya har da hawaye. Sukari ya sauko daga cokali huɗu zuwa ɗaya, mai shayi ya yi sati yana fushi kamar shi aka rage wa. Ya daina hawa mota zuwa shago, ya koma takawa da ƙafa, yana gaisawa da mutanen da ya shekara goma yana wuce su ta taga.

Cikin wata huɗu ya sauko casa'in da takwas. Ya huda wa bel ɗinsa sabbin ramuka biyu da hannunsa, ya kuma nuna su ga duk wanda ya tsaya a shagon, ko da tambayar hanya ya zo yi. Wata safiya ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa ba tare da ya riƙe numfashi ba, sai ya kwance ya sake ɗaurewa, ya ƙwala wa Hukuma kira ta zo ta gani. Ta zo da ludayi a hannu, ta kalla, ta ce a sanar a rediyo. Amma da ta juya ya ga tana murmushi, kuma wannan murmushin ya riƙe shi har yamma.

A cikin wata na huɗun ne aka sallamo mahaifiyarsa daga asibiti, bayan ciwon ƙirji ya kwantar da ita sati uku. Inna ta dawo kamar a hure ta ta faɗi, kilo arba'in da biyar cif. Likita ya ce a ciyar da ita sosai, a riƙa auna ta duk Litinin, in ta sauka ƙasa da haka ko da rabin kilo ne a mayar da ita gado. Inna kuwa ta tsani asibiti tsana ta gaske. Ta tsani fitilar da ba a kashewa, ta tsani yaran da ba su kai jikokinta ba suna juya ta suna ce mata "yawwa, Mama". Ta ce in dai a gida za a bar ta, ko dutse aka dafa za ta ci.

Daga nan lokacin cin abinci ya zama abin kallo a gidan. Tebur ɗaya, ana lallashin ɗaya ta ƙara, ana riƙe hannun ɗaya ya rage. Hukuma takan ɗebe nama daga farantinsa ta zuba a na Inna, a gaban idonsa, ba kunya ba tsoro.

"Ku bar mini yaro ya ci," Inna takan ce, tana taunar naman nasa.

Yaron nan mai furfura har a gemu sai ya haɗiye yawu ya ja kwanon ganyensa.

Ana cikin haka mai gidan burodin da ke bakin babbar hanya ta aiko masa. Sikelinta takwas duk sun rikice, burodi yau ya fito ƙato, gobe ya fito kamar an yi masa rowa. Aikin kwana uku ne, Laraba zuwa Juma'a, kuma dole da sassafe za a fara, tsakanin kwaɓin farko da na biyu, lokacin da sikelin ke hutawa. Ranar Laraba ya fita bai karya ba, ya ce in ya dawo ya ci.

Wanda bai taɓa shiga gidan burodi da yunwa ba, kada ya yi saurin yanke wa Baba Daidai hukunci. Ƙamshin wurin ba ta hanci kaɗai yake shiga ba. Yana zaune a kan buhun fulawa da sikeli a cinya, ana ta wucewa da faranti bayan faranti ta gefen kunnensa, suna tururi. Zuwa ƙarfe goma yunwa ta ci ƙarfinsa, ƙaramin noti ya suɓuce masa sau biyu. Mai gidan burodin mace ce mai faɗin hannu da babbar murya, irin waɗanda ba sa iya ganin baki a rufe. Ta yanko burodi mai zafi, ta shafa masa bota, botar na narkewa tana bin yatsunta.

"Baba, ɗanɗana wannan ka gaya mini ko gishiri ya ji."

Ya ce a ransa ɗanɗano ai ba ci ba ne, taimako ne. Gishiri ya ji. Kafin rana ta take ya ɗanɗana rabin burodin, ya ɗanɗana mai nama a ciki guda uku, ya ɗanɗana kek yanka biyu, ya kora da lemon kwalba mai sanyi. A hanyar komawa shago sai wata dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa duk mai rage ci: ai yau ta riga ta ɓaci, gobe a gyara. Tunda ta ɓaci, ya tsaya wurin mai soya kaza ya ƙarasa ɓata ta.

Da yamma ya zauna a falo da littafin a cinya. Ya buɗe baya, shafi bayan shafi na wata huɗu, duk tsaf, ba inda zai ji kunyar a gani. Ya tuna fuskar Auta in tana karantawa. Biro ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya rubuta: "Shayi, sukari cokali ɗaya. Burodi yanka biyu." Ya ce wa kansa ai ba ƙarya ya yi ba, ya ci yanka biyun, sauran ne kawai bai ambata ba. Sannan, don kada Hukuma ta yi zargi, ya zauna ya cinye abincin yamman da ta auna masa, ciki na roƙonsa ya yi masa rai.

Alhamis ya fita da rantsuwa a baki, kuma a bakin tanda ya bar ta. Juma'a da ya ɗaure noti na ƙarshe, mai gidan burodin ta naɗe masa wani madaidaicin kek a kwali, ta ce a kai wa iyali. Da niyya mai kyau ya ɗauka. A shago ya buɗe kwalin don kawai ya duba, sai ya ga gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu. Mutumin da ya shekara arba'in yana daidaita abubuwa ba zai iya kallon haka ya kau da kai ba. Ya sa wuƙa ya rage gefen. Sai ɗayan ya fi. Ya rage shi. Haka ya yi ta gyara, har abin da ya saura ya zama abin kunya a kai wa iyali, don haka ya rufa wa kansa asiri ya ƙarasa shi.

Sannan ya ja ƙofar shagon, ya cire takalmi, ya hau babban sikelin da ke lungu. Ɗari cif. Ya sauka ya ɗora duwatsu ya gwada, ko Allah zai sa sikelin ne ya karkace. Bai karkace ba. Shi ya gyara shi da hannunsa.

Gobe Asabar. Littafi zai ce mutumin nan shayi da yanka biyu yake ci, sikelin gida zai ce ya ƙara kilo biyu, kuma Auta ba yarinya ba ce. Ba ƙibar ce ta tsorata shi ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne 'yarsa ta kalli shafi, ta kalli allura, sannan ta kalle shi.

Ya isa gida da la'asar. Hukuma ta tafi cefane, Inna na kwance a ɗakinta, gidan shiru sai ƙarar fanka. Ya jawo sikelin da Auta ke auna shi a kai daga ƙarƙashin kujera ya kifa shi a kan tebur. Akwai 'yar ƙafar da ake murzawa a waje, amma wannan aikin 'yan koyo ne, don allura za ta bar kan sifili kowa ya gani. Shi cikin ya buɗe. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyi, yana da noti ɗaya, in ka ƙara masa tauri allura za ta zauna a sifili lafiya lau, sai an hau ne za ta riƙa rage gaskiya. Murɗa ɗaya da rabi. Ya rufe, ya hau, ya sauka, ya ƙara kaɗan, ya sake hawa. Casa'in da bakwai.

Ko minti biyar bai ɗauka ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Shekara arba'in yana korar masu neman wannan aiki, ashe hannunsa ya iya shi sarai. Ya tuna da Inna, sai ya ce ai ita Litinin ake auna ta, gobe da Auta ta tafi zai mayar da notin inda yake. Ya tura sikelin ƙarƙashin kujera. Bakinsa ya buɗe don ya faɗi kalmar da ya saba, ta ƙi fitowa.

Asabar da hantsi Auta ta iso da sallamarta mai ƙarfi. Ta gaida kakarta, ta tsokane ta cewa ta fara kumatu, ta karɓi littafin ta zauna a hannun kujera.

"Kai, Baba, kwana ukun nan ka yi ƙoƙari. A gidan burodi kake aiki amma yanka biyu? Ni da ban iya ba."

Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba, ya hau sikeli. Casa'in da bakwai. Hukuma ta tafa, Auta ta ɗauki hoton allurar a waya don ta tura wa yayyenta. Inna na zaune da kofin madararta, ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Tunda ga ni ga sikeli," in ji Auta, "Kaka, zo ki hau in gani da idona."

"Ai ranarta Litinin ce," in ji shi da sauri.

"Sikelin ya san ranaku ne, Baba?"

Ta kama hannun tsohuwar ta taimaka mata ta hau. Allura ta yi rawa, ta tsaya. Arba'in da huɗu da rabi. Auta ta ce ta sauka ta sake hawa. Ba abin da ya canja. Fuskar Auta ta koma irin wadda take sawa a wurin aiki.

"Ta sauka," ta ce a hankali. "Likita ya ce ko rabin kilo ne."

"Wallahi na ba ta," in ji Hukuma. "Ƙwai biyu kullum da safe, madara sau uku, hanta, kifi. Ina tsaye take ci. Ko ni ce ban iya ba?" Ta sa gefen ɗankwalinta ta share ido.

"Na ci duk abin da kuka ba ni," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kalli ɗanta, ta ɗan jira, sannan ta ce, "To. Bari in haɗa kayana."

Ta shiga ɗaki tana dafa bango. Jim kaɗan ta fito da mayafi a kafaɗa da tsohuwar jakarta ta asibiti, ta zauna a bakin kujera ta ɗora jakar a cinya, kamar mai jiran mota a tasha. Auta ta fara neman lambar mai tasi.

Gumi ya karyo wa Baba Daidai har ta bayan kunne. Ga matarsa tana zargin kanta, ga uwarsa za a mayar da ita inda ta tsana, duk a kan kek. Sai wata ƙofa ta buɗe masa: ya ce sikelin ya samu matsala, bari ya duba. Wa zai musa masa? A duk garin nan, in ya ce sikeli ya lalace, to ya lalace.

"Dakata, Auta," ya ce. "Sikelin nan..."

Ta sauke wayar, ido cike da fata. "Ya lalace ne, Baba?"

Kai kawai zai gyaɗa, shi ke nan. Ya kalli sikelin a ƙasa, abin da bai yi wa kowa laifi ba.

"Bai lalace ba," ya ce. "Ni na taɓa shi. Jiya. Na ɗaure masa sifirin don ya rage mini kilo uku. Kuma abin da ke littafin nan tun Laraba, ƙarya ne."

Hukuma ta nemi kujera ta zauna. "Kai?" ta ce. "Kai Daidai?"

Ya shiga ɗakin kaya ya kinkimo duwatsu biyu na ƙarfe masu kilo ashirin-ashirin, ya ɗora su, ya ce su matso su gani. Allura ko talatin da tara ba ta kai ba. Ya kifa sikelin a gabansu, ya buɗe cikinsa, ya nuna musu notin da bakin sukundireba kamar mai nuna ɓarawo, ya mayar da shi. Ya sake ɗora duwatsun. Arba'in cif.

"Inna, zo ki hau."

Arba'in da shida.

Auta ta yi wani ihu da ya sa maƙwabciya leƙowa ta taga. Ta rungume kakarta har sai da tsohuwar ta ce za ta karya ta a rasa kilon da aka samu. Hukuma na dariya hawaye na zuba, tana cewa ita dai ta san ƙwanta bai tafi a banza ba. Shi kuma, ba wanda ya ce masa ya hau, ya hau da kansa, ya karanta da ƙarfi: "Ɗari." Abin mamaki, da ya faɗa sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Auta ta juyo kansa, hannu a ƙugu. "Kilo biyu, Baba. Kilo biyu ne fa! Mutumin da ya zubar da goma sha ɗaya. Da ka rubuta, me zan yi maka? Duka?"

"Kunya na ji."

"Littafin ba na kwanakin kirki kaɗai ba ne. Na ranar da ka faɗi ma ya fi mini amfani."

Ya kama shafukan uku zai yage, ta riƙe hannunsa. Ta ce a bar su yadda suke, ya ja layi a ƙasa ya rubuta na gaskiya. Ya zauna ya fara, kuma da yake shi ne, bai bar komai ba. Hukuma ta ce a karanta a bayyane, ai shari'a a fili ake yin ta. Auta ta miƙe tsaye tana karantawa da muryar mai labarai.

"Laraba. Burodi rabi, da bota. Mai nama a ciki, uku. Kek yanka biyu. Lemon kwalba ɗaya. Cinyar kaza biyu, da fiffike ɗaya da mai kazar ya ƙara mini."

"Sannan ka zo ka cinye abincina kana nishi," in ji Hukuma. "Ni kuwa ina cewa daɗi ne ya yi maka yawa!"

"Juma'a. Kek guda, wanda aka ce a kai wa iyali. Gefensa bai daidaita ba."

Nan fa dariya ta ƙwace wa kowa, har shi. Inna ce kaɗai ta ɗaure fuska, ta buga tafin hannu a kan jakarta.

"Tsaya. A kai wa iyali aka ce?"

"E, Inna."

"Ni da likita ya ce in yi ƙiba ina nan ina fama da hanta, kai da aka ce ka rage kana can kana cin rabona? Kai, yaron nan, ba ka da tsoron Allah. Na yafe sikelin, kek ɗin ne ban yafe ba."

Ya yi alkawari Litinin zai kawo mata wani, ya kuma rantse ko kwalin ba zai buɗe ba. Auta kuwa ta koma ta zauna tana bin shafukan da yatsa, ta daina dariya.

"Baba, kalli nan. Kwana ukun duka, ba abin da ka ci kafin ƙarfe goma. Ba kek ne ya kayar da kai ba, fita ba karyawa ne. Da ka bar ni da yanka biyun nan, har abada ba zan gano ba."

Hukuma ta ce daga yau ko ƙarfe nawa zai fita, sai ya ci ƙwai a gabanta, kuma ba ɗaukaka ƙara. Ya ce ya karɓi hukunci.

Da rana ta yi, Auta ta tafi, Hukuma ta shiga kicin tana 'yar waƙarta. Falo ya rage shi da Inna. Ta cire mayafin ta ninke, ta nuna masa jakar da haɓa.

"Mayar mini da wannan ɗaki."

Ya ɗauka. Hannun da ya shekara arba'in yana ɗaga nauyi ba ya buƙatar a gaya masa. Ya tsaya, ya zuge zif ɗin, ya leƙa.

"Inna, ai ba komai a ciki."

"Ƙofata ba ta rufuwa sosai, tun bara nake cewa ka gyara. Jiya na ga wani ƙato yana hawa sikeli yana sauka, da sukundireba a baki. Ban gane ba sai ɗazu da aka ce na rame."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Ba ni na taɓa ba, ba ni zan faɗa ba."

Ya mayar da zif ɗin ya rufe. "Da ban yi magana ba fa?"

"Da na shiga motar." Ta gyara zama, ta ɗauki kofin madararta. "Amma ni na haife ka. Me zai sa in wahalar da kaina ina ninke kaya a kan tafiyar da na san ba za a yi ba?"

Kunya da daɗi suka rufe shi lokaci ɗaya, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya juya ya kai jakar ɗaki, kuma ya daɗe a ciki fiye da yadda ajiye jakar da ba komai a cikinta ke buƙata.